Kiɗan da Na Datse

Kwana biyar ke nan Baba Ayanniyi bai sa komai a bakinsa ba, ni kuwa ina ofis ina zaɓen hoton da zan sa a shafin farko na takardar bincikena. Tsoho yana ƙarewa a hannuna, ni ina fama da girman haruffa.

Sunana Moradeke Oyelaran. Shekara tara ina koyarwa a sashen kiɗa na jami'armu, kuma fannina jinya da kiɗa. Litinin da Laraba ina aji, sauran ranakun ina asibitin koyarwa, a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Binciken nawa ba wani abin ɗaure kai ba ne. Ƙafar da ta manta tafiya, idan aka ba ta bugu mai tsari, sau da yawa takan bi shi. Abin da na ƙara nawa shi ne, maimakon ƙwas-ƙwas ɗin na'ura da kowa ke amfani da shi, a ba mutum kiɗan gidansu. A kan wannan na ɗora burina na ƙarin girma, bayan an tsallake ni har sau biyu.

Akwai abu guda da ban taɓa rubutawa a takardar neman aiki ba. A Legas na tashi, fiyano na koya. Kowane kiɗa ka kawo mini zan rubuta maka shi a takarda, in faɗa maka bugu nawa ne a minti. Amma idan kalangu ya yi magana, ni ba na ji. Kakata takan ce kunnuwana na rataya 'yan kunne ne kawai.

An kawo Baba Ayanniyi wata huɗu kafin in fara aiki da shi, ɓarin dama a shanye, baki a rufe. A wurinmu Yarbawa, sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka daga gidan makaɗa ya fito. Ranar farko da na kunna masa na'urar ƙwas-ƙwas, ya dube ta, ya dube ni, ya kau da kai wajen taga.

Sista Ajoke, babbar nas ɗin ɗakin, ta kwashe da dariya. Ta ce, "Dakta, ke ma dai! Mutumin da ya kaɗa wa sarakuna uku za ki kawo wa agogon bango? Wallahi da bakinsa na aiki da kin sha zagi yau."

Abin ya yi mini ciwo, don haka na shiga ɗakin ajiyar kaset na sashenmu. Wani malaminmu da ya rasu ya yi shekaru yana yawo gari-gari yana ɗaukar kiɗa, kaset-kaset ɗinsa suna nan cikin kwalaye suna shan ƙura. A kwali na shida na ga wani kaset an rubuta a bayansa: Gidan Ayansola, 1987. Gidan da ke rubuce a katin Baba ke nan. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗakin, da girmana.

Farkon kaset ɗin bai yi mini amfani ba, kiɗan yana gudu yana tsayawa, ga hayaniya. Amma da aka ɗan yi nisa sai ya nutsu. Minti biyu da 'yan daƙiƙu, bugu saba'in a minti, bai ƙaru ba bai ragu ba, daidai takun mai tafiya a hankali. Ban ma saurari sauran ba. Na datse wannan wurin, na sa kwamfuta ta share muryoyin matan da ke waƙa can nesa, don na ɗauka biki ne, sannan na haɗa ƙarshensa da farkonsa ya riƙa maimaita kansa ba tsayawa. Aiki ya yi kyau har ina yaba wa kaina.

Da iyafis, 'yar wayar sauraro mai kai biyu da ake saƙalawa a kunne, nake sa masa, don kada a dami sauran marasa lafiya. Ranar farko, da kiɗan ya shiga kunnensa, jikinsa ya sandare. Ya zuba mini ido ya daɗe, hawaye na bin kuncinsa. Sai ya dafa ƙarfen gado da hannun hagu, ya miƙe. Mutumin da wata huɗu ana ɗaga shi ana ajiyewa. Taku shida ya yi ran nan. Na yi kuka, Sista Ajoke ta yi kuka, har wani mara lafiya ya tafa mana da hannu ɗaya a kan cinyarsa.

Cikin mako shida ya kai ga tafiya daga gadonsa har bakin ƙofar ɗakin, taku goma sha ɗaya. Kullum ƙofa yake nufa. Idan ya isa sai ya tsaya yana fuskantarta, ko na kashe kiɗan ba ya juyowa, sai an kawo keke an zaunar da shi an maido shi. Na rubuta a littafina: yana da wahalar juyawa, a duba ƙarfin ƙugu.

A mako na huɗu ya cire hularsa ta saƙi ya miƙa wa Sista Ajoke. Ta ce, "Baba, ni da nake da miji? Ka makara." Ya ƙi karɓa, ta ajiye a aljihun teburinta. Bayan kwana biyu ya ba maƙwabcin gadonsa zobensa. Ya fara barin rabin tuwon amala a kwano, daga nan ya koma ɗan romo kawai, daga nan ya rufe baki ruf. Duk na gani. Babu wanda na rubuta, domin babu gurbinsu a takardar da na tsara.

Ranar Juma'a da safe, wannan kwana na biyar ɗin, Sista Ajoke ta kira ni a waya. Babu wasa a muryarta.

"Dakta, ki zo. Tsohonki ya sake fizge robar hanci, karo na biyu. Ƙarin ruwan ma sai da muka ɗaure hannun. Likita ya duba komai bai ga dalili ba. Ya ce ƙodarsa ta fara gajiya, in aka kai Litinin a haka, to, sai dai addu'a."

Na same shi kwance, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsage, fuskarsa na kallon ƙofa. Kuma ka san abin da na yi? Na ce bari in sa masa kiɗansa ko zai ji daɗi. Na saƙala masa iyafis da hannuna. Nan take yatsun ƙafarsa suka fara motsi a ƙarƙashin zane, yana ƙoƙarin tashi ba ƙarfi.

A lokacin 'yarsa Sikiratu ta shigo. Atamfa take sayarwa a kasuwar garinsu, tafiyar awa biyu daga nan, kuma Lahadi da yamma kawai take samun zuwa, shi ya sa ba ta taɓa ganin aikina ba sai labari. Ran nan asibiti ne suka kira ta. Mace ce mai jiki, ta girme ni da kamar shekara goma, tana riƙe da fulas ɗin koko.

Ta ɗan rusuna ta ce, "Anti Dakta, sannu da aiki. Ashe ke ce kika tayar mana da shi. Allah ya saka. Me yake ji haka?"

"Kiɗan gidanku ne," na ce, har da ɗan murmushina. "Na samo shi a tsohon kaset."

"Na gidanmu? Kai, bari in ji."

Ta zare ɗaya daga kunnensa ta sa a nata. Ban ƙirga uku ba fulas ya faɗi ƙasa. Ta fizge wayar gaba ɗaya daga kunnen tsohon ta yi jifa da ita, ta damƙi wuyan rigata. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba.

"Wa ya aiko ki?"

"Mama, me ya faru? Ni..."

"Na ce wa ya aiko ki! Me ubana ya yi miki?"

Sista Ajoke ta shiga tsakani da ƙyar ta ɓamɓare hannunta. "Ke baiwar Allah, nan asibiti ne, ba kasuwa ba! Yi magana mu ji."

Sikiratu ta zauna a bakin gado. Ta dube ni ta ce, "Ke ba Bayarabiya ba ce? Ba ki ji abin da yake faɗa ba?"

Na ce ba na jin maganar kalangu. Ban taɓa faɗin haka a gaban mutane ba, kuma muryata ta fito 'yar ƙarama.

"Ba kya ji," ta maimaita. "Ba kya ji, amma kike ba mutane shi kamar magani." Ta share fuska da bakin zanenta. "To bari in faɗa miki. Cewa yake: tashi baƙo, rana ta yi. Ɗaga ƙafa, ga hanya. Kada ka waiwaya, an karɓi kayanka. Wannan kiɗan rakiya ne. Da shi muke kai gawar gidanmu kabari."

Na dafa ƙarfen gadon, wanda shi yake dafawa.

Ta ci gaba, yanzu a hankali, kamar mai yi wa yaro bayani. A gidansu akwai masu zuwa masallaci, akwai masu zuwa coci, amma idan babba ya rasu kiɗa uku ne ba a fasawa. Na farko a tsakar gida. Na biyu na rakiya, masu rai suna bin sa har bakin kabari. Idan an rufe ƙasa, sai babban makaɗi ya juya ya kaɗa na uku, na komawa, ya shige gaba kowa ya bi shi gida. Ba a taɓa kaɗa na biyu a bar shi haka. Wanda aka raka ba a komo da shi ba, a wurinsu, na can ne.

"Ina na ukun?" ta tambaye ni. "Kina sa masa bayan wannan?"

"Ba na... iyakarsa ke nan. Idan ya ƙare sai ya sake farawa."

"Ya sake farawa." Ta rufe ido. "Sau nawa?"

Ni mai lissafi ce, kaina ya yi aikin tun kafin in hana shi. Zama goma sha takwas, kowanne minti ashirin, kiɗan yana zagayowa sau tara a kowane zama. Na tuna hawayen ranar farko, da yadda ya zuba mini ido. Mutumin da ba shi da bakin tambaya, mace cikin farar riga ta zo ta sa masa wannan a kunne, ta tsaya tana murmushi tana cewa, yauwa Baba, taho, taho. Kuma ya taho. Hula, zobe, abinci. An karɓi kayanka.

Na ce, "Sauran yana kaset. Na ukun yana kaset, bari in ɗauko."

Ban jira lif ba, ta matakala na sauka. Na hau acaɓa da farar rigata, abin da ban yi ba tun ina ɗaliba, ina ta ce wa mai mashin ya ƙara wuta har ya juyo ya ce, "Madam, in kina son mutuwa sauka ki yi ke kaɗai." Ina isa na buɗe ɗakin ajiya. Na sa kaset ɗin, na tura shi gaba zuwa inda na datse, na zauna a ƙasa.

Yanzu da ba a share matan ba, na ji su sosai. Ba waƙar biki ba ce. Ban san yadda na ji ta a matsayin biki ba, sai dai don abin da nake so in ji ke nan. Kiɗan rakiya ya ci gaba, minti goma, minti ashirin. Ina kallon zaren kaset ɗin yana raguwa a gefe guda, ina roƙon Allah da duk sunan da na sani. Kiɗan ya tsaya. Na ji ƙarar shebur, na ji ƙasa na zuba a kan itace. Wani ya yi gyaran murya. 'Yan ƙararrawar jikin kalangu suka yi motsi, alamar makaɗi ya gyara tsayuwa.

Ƙas. Kaset ya ƙare.

Na juya ɗaya gefen. Wa'azin wani fasto ne daga wani gari dabam. Na zaro takardar da ke cikin gidan kaset ɗin, wadda ban taɓa buɗewa ba. A ciki malaminmu ya rubuta da fensir: Jana'izar Ayanlola. Mai kiɗa ƙanensa, Ayanniyi. Kaset ya ƙare a bakin kabari.

Hannunsa ne. Da hannunsa na yi mako shida ina kiransa.

A baranda na ci karo da Farfesa Oyewusi, shugaban sashenmu, wanda zai tafi da ni taron Accra ranar Alhamis mu nuna hoton bidiyon Baba yana tafiya. Na gaya masa komai a tsaye, ban tsara ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Moradeke, tsofaffi masu wannan ciwon sukan daina cin abinci. Yana cikin littafi. Ba lallai ne ki ɗora wa kanki ba."

"Ni ce, Farfesa."

"Kin san in kika rubuta haka, takardar ta mutu? Kwamiti zai zauna a kanki. Shekara uku na aikinki."

"Na sani."

Ya mayar da tabarau. "Mahaifina ya so in koyi kalangu, na ce masa ni ɗan boko ne." Ya kauce ya ba ni hanya. "Je ki wajen tsohon. Kwamiti ba ya gudu."

Da na koma asibiti na gaya wa Sikiratu kaset ya ƙare, ba ta ko zage ni ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Na ce a nemo wani makaɗi daga gidansu, ko nawa ne nisan. Ta girgiza kai. Kiɗan komawa babban makaɗi kaɗai ke riƙe shi, sai ya ga ƙarfinsa ya fara tafiya yake koya wa na bayansa. Ciwon bai ba Baba wannan lokacin ba. Ɗansa da ya fara koyo ya rasu, ɗayan direban tirela ne bai taɓa riƙe gula, sandar kiɗa, ba, 'yan uwan kuwa kiɗan biki suka iya, na liƙi. Ita ta san kalmomin, don ta bi su sau da yawa tun tana yarinya. Ta sunkuya ta faɗa wa Baba su a kunne, sau uku. Ya rufe ido kawai. Baki ba kalangu ba ne.

"Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya iya shi," ta ce, "ga shi nan kwance, hannun gula ya mutu."

Na dubi hannun hagunsa da aka ɗaure da bandeji a jikin gado. Da wannan hannun ake matsa igiyoyin kalangu, shi ke sa fata ta hau ta sauka, shi ke magana. Na dama bugu kawai yake yi. Bugu kuwa, ko ba komai, shi kaɗai na iya a duniya.

Na ce, "A kawo kalangunsa."

Mijin Sikiratu ya iso da shi Asabar da hantsi, a naɗe cikin tsohon zane. Kafin nan Baba ya ƙara faɗawa. Numfashinsa ya zama gajere, fitsarin da ke cikin jaka ya yi duhu, kuma likita ya fara yi mana irin maganar nan mai taushi da na san ma'anarta. Sista Ajoke ta ja labule, ta kwance masa hannu, ta ce in wani ya tambaya ita ba ta ga komai ba.

Na durƙusa gwiwa biyu a gaban gadon, yadda ban yi wa kowa ba tun rasuwar kakata.

"Baba, ku yafe mini. Babu wanda ya kira ku. Ni ce na samo kaset, ni na datse shi, ban san abin da yake faɗa ba. Ba saƙo ba ne, jahilcina ne. Don Allah ku ci abinci."

Ya dube ni. Babu fushi a idon, da ma fushin ne da na samu sauƙi. Ya mayar da kallonsa ƙofa. Sikiratu ta ɗora masa kalangun a gefen hagu, ta ɗauki hannunsa ta aza a kan igiyoyin. Hannun ya zame ya faɗi a katifa. Ta sake azawa, ya sake zamewa. Na gane cewa ko wa ya kunna kiɗan, shi dai ya ji shi, ya kuma amsa, ya yi nisa. Zai mutu ranar Litinin ko Talata, za a rubuta ciwon ƙoda a takarda, ni kaɗai da wannan matar za mu san gaskiya.

Sikiratu ta miƙe tsaye. Ta juyo gare ni, da ƙarfi yadda zai ji.

"Ke, Anti Dakta. Lokacin da kike yanke-yankenki, sau nawa kika saurari kiɗan nan?"

"Ban sani ba. Da yawa. Kullum nakan saurara kafin in sa musu, har a mota."

"Kin fi shi ji ke nan."

Ban taɓa tunanin haka ba. Ni ba mai yarda da irin waɗannan abubuwa ba ce, haka nake gaya wa ɗalibaina, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Ta koma kan mahaifinta, ta riƙe ƙugu. "Ka ji ko, Baba? Wannan sakaryar ta bi kiɗanka har bakin kabari, ba ta ma san inda take ba. Ni ma jiya na sa a kunnena, na ji, na bi. Ga mu nan tsaye mu biyu. Shekara hamsin kana kai mutane, ka taɓa barin mai rai a can? Yau za ka fara da 'yarka? To shi ke nan, tafi abinka. Mu ma ma zauna."

Ta zauna daɓas a ƙasa kusa da ni, ta harɗe hannu. Hawaye na zuba amma ba ta taɓa su ba.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ina jin ƙarar fanka, da tarin wani a bayan labule. Sai na ji 'yan ƙararrawa sun yi motsi. Hannun hagun ya hau kan igiyoyin da kansa, yana lalube, ya sami wurinsa, ya damƙe. Baba ya ɗaga haɓa ya nuna ƙofa.

"A can aka tsaya," Sikiratu ta ce tana miƙewa da sauri. "Daga can ake farawa."

Muka ɗora shi a keke muka kai shi bakin ƙofa. Sista Ajoke ta riƙe shi ta dama, mijin Sikiratu ya tallafe shi ta baya, aka rataya masa kalangun a kafaɗa, aka tsayar da shi yana fuskantar ƙofar nan da ya yi mako shida yana kallo. Nauyinsa bai fi na yaro ba. Sikiratu ta sa mini gula a hannu. Sandar ta yi santsi saboda shekaru.

Ta fara faɗin kalmomin a hankali, ni kuma in buga sau ɗaya a kan kowace gaɓa. Bugun farko na yi shi da tsoro, ya fito kamar an taɓa kwali. Baba ya harare ni, harara ta gaske, irin ta malami. Ban taɓa farin ciki da harara ba sai ran nan.

"Buga mana!" Sista Ajoke ta ce. "Ba allura kike yi ba!"

Na buga. Ya matsa igiya, fatar ta yi sama da murya. Na sake, ya saki, ta sauko. Na yi sauri a wani wuri, ya taka mini ƙafa da ƙafarsa mai lafiya, muka koma farko. Sau huɗu muna komawa. A na biyar na daina ƙirga, na daina kallon bakin Sikiratu, na zuba ido a kan yatsunsa, idan sun motsa in buga. Ɗakin ya yi tsit, har mai tari ya daina.

Sikiratu na faɗa, kalangu na maimaitawa: masu numfashi, ku juya. Ƙasa ta karɓi nata. Akwai wuta a murhu, ku juya.

Ƙafarsa ta hagu ta matsa gefe. Ta dama, matacciyar, ta ja ƙasa ta bi ta. Kaɗan-kaɗan, yana kaɗawa, muna zagayawa da shi, har ƙofar ta koma bayansa. Babu abin da ya sami ƙugunsa. Ya shige gaba, ni ina gefensa a sunkuye ina bugu, Sikiratu na biye, muka yi taku goma sha ɗayan nan muna komawa. A taku na takwas gwiwarsa ta lanƙwashe, amma hannun bai saki igiya ba.

Da muka isa gado Sikiratu ta yi shiru, kalmomin sun ƙare. Na sauke gula. Baba ya zungure ni da gwiwar hannu, yatsunsa na jira. Na buga masa yadda suka nuna, bugu bakwai ko takwas, sannan ya saki. Sikiratu ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Me ya ce?" na tambaya. "Wannan ba ya cikin waɗanda kika faɗa."

"Ba ya ciki. Nasa ne ya ƙara." Ta ja hanci. "Ya ce: kurma, ke ma juya."

Aka kwantar da shi, yana haki, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya ɗaga hannu ya taɓa kansa, ya dubi Sista Ajoke. Ta tafi da gudu-gudu ta buɗe aljihun tebur ta dawo da hular, tana cewa, "Ka ga mutum, kyauta ma sai ya karɓe." Ta sa masa, ya gyara ta da kansa, ya karya ta gefe yadda yake so.

Sikiratu ta buɗe sabon fulas ɗin da mijinta ya kawo, ta zuba koko a kofi. Ta riƙe kofin, ta miƙo mini cokali.

"Ke kika kai shi. Ba shi."

Na ɗebo rabin cokali na kai bakinsa, gula tana nan a ɗaya hannun na manta ban ajiye ba. Leɓensa a rufe. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon ranar farko. Sannan ya buɗe baki.